Waya, Laftof, Majigi ko Kwali: Da Me Ɗalibin NCE Zai Shiga Aji?

Da zarar an kafe sunayen makarantun da za a tura 'yan aji uku na kwalejin horar da malamai koyarwar gwaji, wato TP, hirar ɗakunan kwana takan koma kan abu ɗaya: da me za a shiga aji? Malamanmu na fasahar koyarwa sun sha jaddada mana cewa mai duba aiki ba ya sakin maki ga wanda ya shiga da alli da baki kawai. To amma aljihun ɗalibi kowa ya san zurfinsa. Wani yana tara kuɗin laftof, wata ta ga ƙaramin majigi a talla ta ƙwallafa rai, wani ya ce wayarsa ta ishe shi, akwai kuma masu cewa kwali da maka ba su taɓa ba kowa kunya ba. Ni ma cikin masu shirin fita nake, kuma na yi wannan rubutu ne domin ɗan'uwa ko 'yar'uwar da kuɗinsu ba zai sayi abu biyu ba.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne: a hannun wa kayan zai zauna, kuma me yara za su ƙirƙira da shi? Idan malami ya tsaya gaban aji ya kunna bidiyo, yara suka zuba ido, an sauya allo ne kawai, ba a sauya darasi ba. Ƙirƙira tana zuwa ne lokacin da yaro ya haɗa wani abu da kansa: ya zana, ya gina, ya tsara labari, ya gwada ya ga bai yi ba, ya sake.

Sai dai miƙa wa yaro na'ura shi kaɗai ma ba magani ba ne. A 2007 an kawo shirin nan na ba kowane yaro laftof zuwa makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, aka yi ta yayata shi a duniya, amma bai yaɗu a ƙasar nan ba. Ƙasar Peru ce ta rungumi shirin sosai, ta sayi kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da aka yi bincike a makarantun karkararsu fiye da 300, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna makin yara a lissafi da harshe bai ƙaru ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai tsari irin na jihar Edo, wanda aka fara a 2018, inda malami ne ke riƙe da tablet, an rubuta masa darasi dalla-dalla yana bi. Wannan yana sa malami ya zo aji da shiri, amma filin da ya bar masa na kawo dabararsa ƙanƙane ne. Tsakanin waɗannan biyun muke neman wurin tsayawa: kaya a hannun yara, aikin da za su yi da shi kuma a kan malami.

Na biyu wuta. Kafin ka sayi komai, je ka makarantar da aka tura ka, ka duba ko akwai soket a ajin, ko an taɓa ja mata wuta ma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tayar da janareto domin darasi ɗaya ya zama abin da hedimasta zai dube ka sau biyu kafin ya amsa.

Na uku yawan yara. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda ya leƙa makarantun gwamnati a cikin Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san aji ɗaya kan ninka haka, wasu a benci wasu a ƙasa. Abin da na baya ba zai gani ko ya ji ba, to bai shiga darasin ba.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin saye da na ciyarwa, ƙarko, sauƙin aiki, da haɗari. Farashi yana motsi da dala, saboda haka ba zan kafa lamba ba. Zan riƙa aunawa da mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, wanda aka sanya a Yulin 2024. Ƙarko kuwa a wurinmu yana nufin ƙurar hunturu da zafin bazara da kan haura digiri 40. Sauƙin aiki shi ne: darasi minti 35 ne ko 40, nawa za ka ɓatar wajen haɗa igiyoyi?

Waya da ƙaramar sifika

Falalarta ta farko ita ce tana aljihunka tun tuni. Idan sabuwa za ka saya, mai ɗan dama-dama takan haura albashin wata guda, amma yawancinmu sifika kawai za mu ƙara, kuma wadda za ta cika aji ba ta wuce rubu'in wancan albashin ko kewayensa. Batirin wayoyin yanzu, masu 5,000 mAh (ma'aunin cajin da batir ke ɗauka), yana kai yini. Fawabank mai 20,000 zai cika ta sau biyu da ɗan ɗori, ba sau huɗu ba kamar yadda lissafin kan kwali ke nunawa, domin wani kaso yana salwanta wajen juyawa.

Rauninta a fili yake: fuskarta ƙarama ce. Kada ka yaudari kanka cewa za ka ɗaga waya ka nuna wa yara 70 hoto. Abin da zai biyo baya shi ne turereniya, na baya su hau benci, mai duba aiki kuma ya rubuta cewa ba ka iya riƙe aji ba. Ƙarfin waya a ajinmu yana kunne ne, ba ido ba. Sauti yana isa kowane lungu, ba ya buƙatar duhu, ba ya buƙatar soket. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe makarantu, ta rediyo darussa suka fi isa gidajen talakawa a jihohin Arewa, kuma dalilin bai sauya ba.

A nan ne ƙirƙira take da fili mai faɗi. Malamin Hausa zai iya raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya je gida ya samo tatsuniya daga bakin kaka, su dawo su mayar da ita wasan kwaikwayon rediyo. Su za su raba wa kansu murya, su nemo abin da zai yi ƙarar kofaton doki ko saukar ruwa a kan kwano, malami ya naɗa, washegari a kunna wa aji su yi gyara. Yaron da ba ya ɗaga hannu a aji sau da yawa shi ne gwanin kwaikwayon muryar Gizo. Malamin Turanci zai sa su yi labaran ƙarfe bakwai na makarantarsu, su ji furucinsu da kunnensu, abin da ya fi gyaran malami sau goma shiga. Malamin kimiyya zai sa a shuka wake a gwangwani, rukunin da ke da alhakin ranar ya ɗauki hoto, bayan mako biyu a jera hotunan a ga tsiro yana motsi. Duk wannan da waya ɗaya, ba tare da data ba.

Wajen shirin malami ma tana da rana. Akwai dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, yana da darussa har da na Hausa. Manhajar GeoGebra ta zane-zanen lissafi tana aiki a waya. Amma a tuna cewa a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, saboda haka dabara ita ce a sauke abu sau ɗaya, a raba wa abokai ta Xender. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ta shigo har cikin WhatsApp. Za ta zayyano maka tsarin darasi cikin ƙiftawar ido, sai dai ba ta san ajinka ba. Za ta ce ka raba wa kowane yaro takarda mai launi, alhali wasu ko littafin rubutu ba su zo da shi ba, kuma Hausarta takan yi tuntuɓe. A ɗauke ta abokiyar shawara, kada a kwafe a kai wa mai duba aiki. Sun fara gane salonta.

Haɗarin waya iri biyu ne. Akwai na faɗuwa da sata, musamman idan tana yawo hannu zuwa hannu. Akwai kuma wanda ya fi girma: wayarka ce ta kanka, da hotunanka da saƙonninka. Ka sa ta a yanayin jirgi kafin ka shiga aji, ka kulle duk abin da ba na darasi ba. Makarantu da dama sun hana waya gaba ɗaya, don haka a fara neman izinin shugaba. Batun ɗaukar fuskokin yara kuwa a yi hattara ƙwarai. Dokar kare bayanai ta 2023 ta buƙaci yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka, malami namiji da ke ɗaukar 'yan mata bidiyo a aji ya jawo wa kansa maganar da ba zai iya kashewa ba. Murya da hannuwa da aikin da aka yi sun wadatar. Ɗora yaran mutane a TikTok domin a ce kana ƙoƙari, wannan ba ya cikin koyarwa.

Laftof ta hannu

Sabuwa dal ba ta cikin lissafinmu. Ta hannu ake magana, irin wadda ake samu a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Mai lafiya za ta ci albashin wata biyu zuwa sama. Irin waɗanda ofisoshin Turai suka sallama, kamar ThinkPad da Latitude da EliteBook, sun fi juriya kuma kayan gyaransu suna kasuwa. Abin da ke fara mutuwa batir ne, don haka ka cire caja a gaban mai shago ka zauna ka ga yadda take sauka. Ka nemi mai SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da RAM 8GB, wato ƙwaƙwalwar aiki, idan hali ya yi. Ka kuma sani cewa Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana son na'urar Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Tsohuwa za ta ci gaba da aiki, amma kada a sayar maka da ita da tsadar sabuwa. Rasit kuma dole ne, saboda kayan sata suna yawo.

A gaban aji ba ta fi waya da yawa ba. Masu harkar nuni suna da ƙa'idar cewa mai kallo kada ya yi nisan da ya wuce tsayin hoton sau 6. Fuskar laftof mai inci 14 tsayinta kimanin santimita 17 ne, ka ga ke nan mita ɗaya da 'yan kai, wato bencin gaba. Amfaninta yana fitowa ne idan aka mayar da ita tasha: aji yana aikin rubutu ko gini, rukunin yara biyar ko shida suna zuwa bi da bi.

A irin wannan tsarin babu mai kamo ta. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007, tana ba yaro damar haɗa wasa ko labari mai motsi ta hanyar jera umarni kamar tubali, kuma tana aiki ba intanet. Gwaje-gwajen PhET na jami'ar Colorado suna barin yaro ya haɗa batir da ƙwan fitila, ya ƙara ƙarfi ya ga hasken yana ƙaruwa, ba tare da an yi asarar komai ba. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kiwix tana adana Wikipedia a cikin na'ura, har da ta Hausa. Kolibri kuma tana iya mayar da laftof ɗaya rumbun darussa da wasu wayoyi za su ja daga gare shi ba tare da data ba.

Akwai wata riba da ba ta shafi yara kai tsaye ba. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara da masu zaman kansu a 2024, jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, da ke jiranmu ita ma a kwamfuta ake yi. Malamin da yatsunsa ba su saba da madannai ba zai sha wuya, kuma ba zai iya shirya ɗalibansa ba. Ga buga furojet, ga buga tambayoyin jarrabawa, wanda har ɗan kuɗin cefane yakan kawo.

Ƙura ce abokiyar gabarta. Tana toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta riƙa mutuwa. A sa ta a jaka, a kai a hure ta bayan hunturu, kada a bar ta kan katifa tana aiki. Ɗaukarta a Keke Napep kullum shi ma kasada ne.

Ƙaramin majigi

Shi ya fi kowanne ɗaukar ido, shi kuma na fi jan kunne a kansa. Masu arha, waɗanda ba su kai albashin wata ba, za ka ga an rubuta dubban lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, a jikin kwalinsu. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne ANSI lumen, kuma a wannan ma'aunin yawancinsu ɗari ɗaya ne ko biyu. Majigin da aka ƙera domin aji yakan kai wajen 3,000, farashinsa ya fi na laftof, yana kuma jan wuta wat 250 zuwa 300. Ajinmu kuwa tagogi a buɗe suke, da yawa ko marfi babu. Da ƙarfe goma na safe, hoton ƙaramin majigi a bango kamar rubutun alli ne da aka goge da hannu. In ka rufe ko'ina domin a samu duhu, yara 70 a watan Afrilu ba za su kai minti goma ba su fara fifita da littafi.

Sannan ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana son wuta, yana son abin da zai ba shi hoto, kuma ƙananan wayoyi da yawa ramin cajinsu ba ya fitar da bidiyo ta igiya, sai dai a bi ta filashi ko haɗin iska da kan yanke. Sifikarsa ba ta da ƙarfi. Kafin ka daidaita komai, rubu'in darasi ya tafi. A ma'aunin farko kuma shi ne na ƙarshe, domin yara 'yan kallo ne, sai fa idan aikinsu ake haskawa.

Inda yake da daraja shi ne karatun dare: ajin yaƙi da jahilci, darasin bayan Magariba, ko makarantar kuɗi mai sola da labule.

Kwali, kara da yumɓu

Wasu za su ce wannan ai ba fasahar zamani ba ce. Haka ne, amma kuɗi ɗaya suke takara a kansa, kuma a kwaleji kwas guda ake yi kan haɗa kayan koyarwa daga abin da ke kusa. Yaron da ke ƙera motar kara mai ƙofa da taya, ko ya lanƙwasa langa-langa ya yi tirela, ba sai an koya masa ƙirƙira ba. Shigo da ita aji kawai ya rage. Da kara da ƙaya za a gina murabba'i da dala da duk siffofin lissafi, yaro ya ƙirga kusurwa da yatsansa. Marafan kwalba suna koyar da tarawa da rabawa. Gorar ruwa da balan-balan suna nuna yadda huhu ke aiki. Yumɓu yana fitar da taswirar Najeriya, a ja Neja da Binuwai su haɗu a Lakwaja, a zuba ruwa a ga inda ya nufa.

Kowane yaro yana da abin taɓawa a lokaci guda, abin da babu na'urar da ke cikin jerin nan za ta iya. Kuɗinsa kaɗan ne, sai dai yana cin lokacin malami da dare, kuma ba ya daɗewa: gara, damina, da ajin da ba a kullewa. Iyakarsa kuma a bayyane take, ba zai nuna wa yaro teku ko bugun zuciya ba. A kuma lura, kwalin da malami ya kai wa mai zane ya ƙawata, ya manna a allo, shi ma kallo ne kawai.

| | Waya da sifika | Laftof ta hannu | Ƙaramin majigi | Kayan hannu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Kaɗan, in akwai waya | Mai yawa | Matsakaici. Nagari ya fi laftof | Kaɗan ƙwarai |
| Ciyarwa | Data da caji | Batir, gyara | Wuta ko mai | Sayen kwali da gam a kai a kai |
| Wuta a aji | Ba a buƙata | Gwargwadon batir | Dole | Ba a buƙata |
| Babban aji | Sauti ya isa, hoto a'a | Rukuni-rukuni | Sai da duhu | Ya isa kowa |
| Ƙarko | Matsakaici | Mai kyau in an kare ƙura | Masu arha ba tabbas | Zango ɗaya ko biyu |
| Sauƙi | Nan take | Sai an koya | Yana cin lokaci | Shiri a gida |
| Babban haɗari | Sirri da hotunan yara | Sata, mataccen batir | Asarar kuɗi | Lalacewa |
| Hannun yara | Sosai, in an tsara | Sosai, amma kaɗan-kaɗan | Kusan babu | Gaba ɗaya |

Wa ya dace da me

Wanda aka tura firamaren gwamnati mai cunkoso, ko ƙauyen da babu wuta, ya zuba kuɗinsa a kayan hannu, ya ƙara sifika. Haka mai koyar da Hausa, Turanci, Larabci ko darasin addini, inda furuci da sauraro su ne jigo: waya da sifika mai kyau da fawabank sun gama masa komai.

Mai karantar kwamfuta, lissafi, fiziks ko kimiyya a ƙaramar sakandare, laftof ce tasa, ko da zai jinkirta saye har kuɗi su cika. Kada ya karɓi mai mataccen batir domin ragi, saboda a makarantar da babu soket ba ta da amfani. Wanda kuma ke hangen digiri bayan NCE, ita ce kaɗai cikin huɗun da za ta raka shi har can.

Majigi na mai karatun dare ne, ko wanda ya riga ya mallaki laftof kuma ya tabbatar da wuta a inda zai koyar. Idan 'yan sashe ɗaya suna sha'awa, gara su yi karo-karo su sayi nagari guda ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Kafin a biya, a sa mai shago ya kunna shi da rana tsaka, ƙofa a buɗe, a ja baya taku goma a gwada karanta rubutun da ke bangon.